Wane Maganin Ciwon Damuwa Ne Ya Fi Aiki? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda likita ya rubuta wa maganin ciwon damuwa, ko wanda yake jinyar wani nasa, da wuya wannan tambayar ba ta zo masa ba: wannan da aka ba ni shi ne mafi kyau, ko akwai wanda ya fi shi? An yi bincike mai yawa a kanta, kuma amsar tana da amfani ga mai shan maganin. Ciwon da ake nufi a nan shi ne wanda yake danne mutum mako biyu ko fiye, kusan kullum: ransa a ɓace, abin da yake so a da ya daina burge shi, barci da cin abinci sun rikice, jiki ba ƙwari, yana ganin kansa ba shi da wani amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum kusan miliyan 280 ne ke fama da shi. Bayanan da ke ƙasa na taimaka wa mutum ne ya fahimci abin da likitansa ke yi, ba sa maye gurbin ganin likita.

Magungunan nan iri nawa ne?

Gida-gida suke. Tsofaffin gidaje biyu an dace da su ne a shekarun 1950. Iproniazid maganin tarin fuka ne, sai aka lura masu shan sa suna samun walwala fiye da yadda aka zata. Imipramine kuwa wani likita a Suwizalan, Roland Kuhn, shi ya bayyana amfaninsa ga masu ciwon damuwa a 1957. Amitriptyline da clomipramine 'yan gidan imipramine ne, kuma har yau ana amfani da su.

Gidan da aka fi rubutawa yanzu shi ne wanda ake taƙaita sunansa da SSRI. Aikinsu shi ne hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa saurin zuƙe wani sinadari mai suna serotonin bayan sun sake shi. A cikinsu akwai fluoxetine, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a ƙarshen 1987, sai sertraline, paroxetine, citalopram, escitalopram da fluvoxamine. Venlafaxine da duloxetine suna taɓa serotonin da wani sinadarin, noradrenaline. Sannan akwai waɗanda kowanne da tasa hanyar, irin su mirtazapine, bupropion, agomelatine, vortioxetine da trazodone.

To a cikinsu wanne ne ya fi aiki?

Bincike mafi girma da aka yi kan wannan tambaya ya fito ne a mujallar Lancet a 2018, ƙarƙashin jagorancin Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford. Sun tattara gwaje-gwaje 522 da aka yi a kan manya 116,477, suka gwada magunguna 21, yawanci a kan sakamakon mako takwas na farko.

Abu na farko da suka gano: duka 21 ɗin sun fi ƙwayar fanko aiki, wato ƙwayar da aka yi ta da kamannin magani amma babu sinadarin magani a cikinta. Amitriptyline ne ya fi ba ƙwayar fanko tazara, reboxetine kuma shi ne a ƙasa. Da aka duba gwaje-gwajen da aka kara magani da magani kai tsaye, waɗanda suka ɗan yi gaba su ne agomelatine, amitriptyline, escitalopram, mirtazapine, paroxetine, venlafaxine da vortioxetine. Waɗanda suka ɗan yi baya su ne fluoxetine, fluvoxamine, reboxetine da trazodone.

Sai dai akwai ma'auni na biyu da mutane ke yawan tsallakewa, kuma a ganina ya kai na farko muhimmanci: mutum nawa ne suka iya jure maganin har ƙarshen gwaji? A nan jerin ya sauya. Waɗanda aka fi jurewa su ne agomelatine, citalopram, escitalopram, fluoxetine, sertraline da vortioxetine. Amitriptyline, clomipramine, duloxetine da venlafaxine suna cikin waɗanda aka fi ajiyewa a hanya. Ka ga amitriptyline yana sama a ƙarfi, yana ƙasa a juriya. Fluoxetine kuma akasin haka. Escitalopram yana cikin 'yan kaɗan da suka fito a jeri biyun, shi ya sa shi da sertraline likitoci da yawa ke farawa da su. Wani binciken da Cipriani da abokan aikinsa suka yi tun 2009 a kan magunguna 12 ma waɗannan biyun ya nuna sun fi daidaita ƙarfi da sauƙin sha.

Amma fa tazarar da ke tsakanin na sama da na tsakiya ba ta taka kara ta karya ba. Kuma lissafin na taron jama'a ne. Yana faɗa mana abin da ya faru da dubban mutane idan an haɗa su wuri ɗaya, ba ya faɗa wa likita wanne ne zai karɓi mutumin da ke zaune a gabansa. Akwai wanda fluoxetine ya tayar da shi tsaf bayan "mai ƙarfin" ya kasa.

Da me ake auna cewa magani ya yi aiki, tunda ba gwajin jini ake yi ba?

Da tambayoyi. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne wanda Max Hamilton ya wallafa a 1960. Sigarsa da aka fi sani tana da gaɓoɓi 17, makinta kuma yana kaiwa 52. Mai gwaji zai zauna da mara lafiya yana tambayarsa: kana daɗewa kafin barci ya ɗauke ka? Kana farkawa da asuba ka kasa komawa? Kana jin kamar kai ne da laifi a kan abubuwan da suka wuce? Kana iya yin aikinka? Ka taɓa jin gara ma ka mutu? Yana kuma lura da yadda mutumin ke magana, ko a hankali take fita, ko ya kasa zama wuri ɗaya. Kowace amsa da makinta.

Idan makin mutum ya ragu da rabi, sai a ce maganin ya karɓe shi. Idan ya sauko zuwa 7 ko ƙasa da haka, sai a ce alamun sun kau. Tsakanin waɗannan biyun akwai rata babba. Wanda ya fara da 26 ya koma 13 za a lissafa shi cikin waɗanda suka samu sauƙi, alhali har yanzu yana ɗauke da ciwo. Don haka idan ka ji an ce magani kaza yana aiki ga kashi kaza, yana da kyau ka san wane ma'aunin ake nufi.

Na ji an ce ƙwayar fanko ma kusan aikinsu ɗaya da maganin gaske. Haka ne?

Akwai gaskiya a ciki, kuma ɓoye ta ba ya amfanar kowa. A gwaje-gwajen ciwon damuwa, mutane da yawa da aka ba ƙwayar fanko suna samun sauƙi. Dalilan a bayyane suke: ciwon yakan lafa da kansa bayan wani lokaci, mutum yakan shiga gwaji ne lokacin da ya fi jin jiki, ga sa rai, ga kuma wani da ke zama da kai kowane mako yana tambayar lafiyarka. Idan aka cire duk wannan, abin da magani ya ƙara a matsakaicin lissafi maki biyu ne ko kusa da haka a ma'aunin Hamilton. Irving Kirsch da abokan aikinsa sun ja hankalin duniya kan wannan a 2008.

A shekarar nan dai, Erick Turner ya fitar da wani abu mai tayar da hankali. Ya duba gwaje-gwaje 74 da kamfanoni suka miƙa wa FDA kan magunguna 12. A hukuncin hukumar, 38 ne kawai suka nuna nasara. Kusan dukkansu an wallafa su. Sauran 36 kuwa, 22 ba a wallafa su ba sam, 11 kuma an rubuta su ta yadda za a ga kamar sun yi nasara. Likitan da ke karanta mujallu zai ɗauka kashi 94 cikin 100 na gwaje-gwajen sun yi kyau, alhali kashi 51 ne. Wannan laifi ne da aka yi wa marasa lafiya, kuma yana cikin dalilan da suka sa masu binciken 2018 suka bi sawun bayanan da ba a wallafa ba.

Duk da haka ba na yarda da masu cewa magungunan ba su da amfani. Matsakaicin lissafi yana haɗa wanda bai ji komai ba da wanda rayuwarsa ta dawo. Wani nazari da masana na FDA suka fitar a 2022, a kan gwaje-gwaje 232, ya nuna cewa kimanin kashi 15 cikin 100 suna samun sauƙi babba wanda ƙwayar fanko ba za ta ba su ba. Matsalar ita ce har yau babu gwajin da zai nuna su wane ne tun kafin a fara.

Idan tazarar kaɗan ce, me likita ke dubawa kafin ya zaɓa?

Mutumin yake dubawa. Abu na farko, in ka taɓa shan wani ya yi maka aiki, yawanci shi za a koma wa. Bayan haka sai illolin kowanne, domin a nan ne magungunan suka bambanta sosai.

Mirtazapine yana kawo barci yana buɗe ciki. Ga wanda ya rame, ba ya runtsawa, wannan alheri ne. Ga mai ƙiba ko mai ciwon suga, abin dubawa ne. Magungunan SSRI sukan kawo tashin zuciya da ciwon kai a farkon sha, sertraline yakan saki ciki, kuma dukkansu suna iya rage sha'awa ko jinkirta gamsuwa wajen saduwa. Wannan illar ta ƙarshe tana da yawa, kuma kunya takan hana mutane faɗa, sai kawai su ajiye maganin. Don Allah a riƙa faɗa wa likita, domin akwai mafita: bupropion da mirtazapine ba su cika kawo ta ba. Bupropion kuma ba a ba mai farfaɗiya. Venlafaxine yana iya ɗaga hawan jini idan aka ƙara yawansa. Duloxetine yana taimakon ciwon jijiya na masu suga, don haka wanda ciwon biyu suka haɗe masa zai iya amfana da shi. Agomelatine sai ana gwada hanta. Citalopram yana iya taɓa bugun zuciya, shi ya sa FDA ta ƙayyade kada a wuce miligiram 40 a rana, ga wanda ya haura shekara 60 kuma miligiram 20.

Amitriptyline da 'yan gidansa suna busar da baki, su ɗaure ciki, su sa jiri idan an miƙe tsaye, wanda ke jawo wa tsofaffi faɗuwa. Mafi girma, idan aka sha su da yawa lokaci ɗaya suna iya tsayar da zuciya. Ga mai tunanin hallaka kansa, wannan kaɗai ya isa a kauce musu, ko a ba shi na 'yan kwanaki kawai, wani nasa ya riƙe masa sauran.

Sabon magani ya fi tsoho?

A ƙarfi, a'a. Amitriptyline ya haura shekara 60 kuma babu sabon da ya ba shi tazara. Abin da sababbin suka kawo shi ne sauƙin jurewa da ƙarancin haɗari. Jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya yana ɗauke da amitriptyline da fluoxetine duka.

Kamfani daban, suna daban a kwali. Aikin ɗaya ne?

Idan sinadarin ɗaya ne, yawansa ɗaya, kuma hukumar da ke kula da magunguna ta yi masa rajista, aikin ɗaya ne. Ka duba sunan sinadarin da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kamfani.

Kwana nawa zan yi kafin in ga sauyi?

Nan ne mutane da yawa ke karaya. Illa takan riga amfani zuwa. Mutum zai fara sha, kwana uku zuciyarsa na tashi, kansa na sarawa, wani ma ya ji fargabarsa ta ƙaru, baƙin cikin kuma yana nan inda yake. Ranar ta biyar sai ya tura kwalin cikin durowa, ya ce an gwada bai yi ba. Alhali ba a gwada ba tukuna. Yawancin waɗannan illolin na farko suna lafawa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Sauƙi yakan fara leƙowa ne tsakanin mako biyu zuwa huɗu, kuma sau da yawa na kusa da mutum ne ke fara gani. Ya yi wanka ba a ce ya yi ba. Ya cinye abin da aka zuba masa. An kira shi a waya ya ɗauka. Shi kuwa in ka tambaye shi zai ce yana nan yadda yake, domin walwalar zuciya takan zo daga baya. Idan an kai mako huɗu ana sha kullum a adadin da ya dace ba a ga ko alama ba, lokaci ya yi da za a koma wurin likita a ƙara yawa ko a sauya. Idan an fara ganin sauƙi, a ba shi mako shida zuwa takwas.

Na farko bai yi min ba. Ke nan magani ba zai yi min aiki ba?

Ba haka ba ne. Wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna STAR*D, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, ya ɗauki mutum kusan 4,000 ya fara su duka da citalopram. Kimanin ɗaya cikin uku ne alamunsu suka kau. A cikin waɗanda aka sauya wa magani, wasu an ba su sertraline, wanda gidansu ɗaya da citalopram, wasu venlafaxine, wasu bupropion. Kusan ɗaya cikin huɗu ya warware a kowane rukuni, ba tare da wani bambanci na a zo a gani ba. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne, gazawar magani ɗaya ba ta nufin 'yan gidansa ma za su gaza.

Masu binciken sun ce bayan matakai huɗu jimillar waɗanda suka warware ta kai kashi 67 cikin 100. Wasu masana da suka sake lissafin a 2023 bisa ƙa'idar da aka tsara tun farko sun samu kusan kashi 35 ne. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne damar tana raguwa daga mataki na uku. A wannan gaɓar likitan ƙwaƙwalwa yakan sake duba ko ciwon ne aka gane daidai, ko akwai matsalar maƙoƙo, ƙarancin jini, shaye-shaye, ko ciwon nan mai kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, wato wani lokaci zumuɗi da ƙarfi su yi masa yawa, wani lokaci kuma damuwa ta danne shi. Yakan iya haɗa magani biyu, ko ya ƙara lithium ko aripiprazole. Akwai esketamine da ake fesawa a hanci, wanda FDA ta amince da shi a 2019 ga ciwon da ya ƙi jin magani. Akwai kuma jinyar lantarki da ake yi wa mutum bayan an sa shi barci, wadda duk da tsoron da ake yi mata tana cikin mafi ƙarfin abin da ake da shi ga ciwo mai tsanani.

Gaskiya ne ƙarancin serotonin ne ke kawo ciwon?

An daɗe ana faɗin haka domin yana da sauƙin bayani, amma hujja ba ta tsaya a kansa ba. Nazarin Joanna Moncrieff da abokan aikinta na 2022 bai samu tabbacin cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin ba. Wannan bai rushe sakamakon gwaje-gwajen magani ba, domin su sauƙin da mutane suka samu suka auna kai tsaye.

Yara da matasa fa?

Lissafinsu dabam ne. A nazarin da aka yi a 2016 kan magunguna 14 ga yara da matasa, fluoxetine ne kaɗai ya fi ƙwayar fanko a fili. Tun 2004 FDA ta sa gargaɗi mai ƙarfi cewa magungunan na iya ƙara tunanin kashe kai ga yara, a 2007 kuma ta faɗaɗa shi zuwa 'yan shekara 24. Saboda haka matashin da ya fara sha yana bukatar a sa masa ido sosai a makonnin farko da duk lokacin da aka sauya adadi.

Ina da juna biyu, ko ina shayarwa. In daina?

Kada ki daina da kanki. Ciwon da aka bari ba magani shi ma yana cutar da uwa da jariri. Likitoci sukan kauce wa paroxetine a watannin farko saboda alaƙarsa da matsalar zuciyar jariri, sukan kuma fi son sertraline ga mai shayarwa domin kaɗan ne ke shiga nono. Da zarar kin san kina da ciki, ko kina shirin ɗauka, ki sanar da likitanki ku tsara tare.

Magani ya fi, ko zama da masanin halayyar ɗan'adam?

Ga ciwo mara tsanani zuwa matsakaici, sakamakonsu kusan ɗaya ne, kuma haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai. Jinya ta hanyar tattaunawa tana da wata fa'ida: abin da mutum ya koya yana nan tare da shi bayan an gama, wanda ke rage dawowar ciwon. Ƙa'idojin 2022 na NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, sun ce ga ciwo mai sauƙi kada a fara da ƙwaya sai idan mutumin ne ya zaɓi haka. Idan kuwa ciwon ya kai mutum ba ya iya tashi daga shimfiɗa, magani yakan zama shi ne zai ba shi ƙarfin da zai iya zaman tattaunawar.

Wane magani ne bai kamata in haɗa da su ba?

Tramadol yana kan gaba. Haɗa shi da SSRI ko venlafaxine na iya sa serotonin ya yi yawa, mutum ya kama rawar jiki, zufa, zazzaɓi da ruɗewa, har da farfaɗiya. Aspirin, ibuprofen, diclofenac da magungunan tsinka jini suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Giya tana ƙara nauyin ciwon kuma tana ƙara magagin maganin. Tsofaffi, musamman masu shan maganin sa fitsari, gishirin jininsu na iya sauka. Ka kai wa likita duk abin da kake sha, har na ganye.

Suna kama mutum ne? Yaushe zan daina?

Ba sa sa maye, kuma mutum ba ya jin ƙishirwarsu yana neman ƙari. Amma jiki yana sabawa da su, kuma idan aka yanke lokaci ɗaya yakan yi bore: jiri, tashin zuciya, munanan mafarkai, saurin fushi, da wani abu da masu shi ke kwatantawa da fizgar lantarki a cikin kai. Wani nazari na 2024 ya ƙiyasta kusan kashi 15 cikin 100 ne ke samun irin wannan saboda maganin kansa, kashi 3 kuma mai tsanani. A nan ma magungunan sun bambanta. Paroxetine da venlafaxine suna saurin fita daga jiki, don haka sun fi wuyar bari. Fluoxetine yana daɗewa a jini, yakan sauka a hankali da kansa.

Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warware, ga wanda ciwon ya sha dawo masa kuma shekara biyu ko fiye. A wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2021, a kan mutum 478 da suka daɗe suna sha kuma suna jin sun isa su daina, kashi 56 na waɗanda aka janye wa magani ciwon ya dawo musu cikin shekara guda, waɗanda suka ci gaba kuma kashi 39. Ke nan ci gaba yana karewa, amma kuma mutane da yawa sun daina lafiya lau. Idan lokacin ya zo, a rage kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni tare da likita, a kuma ƙara sassautawa idan an zo ƙananan adadi na ƙarshe.

Wace alama ce ba za a jira ranar komawa asibiti ba?

Idan tunanin kashe kai ya zo ko ya ƙaru, ko mutum ya kasa zama wuri ɗaya saboda wata irin ƙaiƙayin zuciya da bai saba ji ba, a je asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Haka nan idan ya kwana biyu ko uku ba barci amma yana jin ƙarfi, surutu ya yi yawa, yana ɗaukar manyan shawarwari ba tunani, domin maganin na iya tono wancan ciwon mai hawa da sauka ga wanda ke ɗauke da shi. Zazzaɓi da rawar jiki da ruɗewa, suma, bugun zuciya da ya rikice, baƙin bayan gida ko aman jini, idanu su yi rawaya, ko shan ƙwayoyi fiye da ƙima ko da mutumin yana cewa lafiyarsa ƙalau, duk na gaggawa ne. A tafi da kwalin maganin a hannu domin likita ya ga sunansa da adadin da aka sha.